'Yan Manuniyar Gona: Yadda Ake Auna Tsananin Noma da Halittu Masu Rai

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin fassara ya san gumin da ake sha idan malam ya miƙo takardar kimiyya ya ce a mayar da ita Hausa. Kalmomin siyasa da na kasuwanci suna zuwa da sauƙi, domin gidajen rediyo sun daɗe da share mana hanya. Amma da zarar an shiga gona sai ƙamus ya yi shiru, ɗalibi kuma ya koma aron kalmar Turanci yana ɗora mata wasali a ƙarshe, ya ce ya yi fassara. Wannan muƙala za ta ɗauki fanni guda daga ilimin muhalli, wato yadda masana ke amfani da halittu masu rai wajen auna tsananin noma da tasirinsa a kan ƙasa da ruwa, ta yi bayaninsa da Hausa. A ganina yawancin kalmomin da ake buƙata suna nan a bakin manoma, tare da ilimin da ke cikinsu. Mu da muka koyi Hausa a aji ne ba mu kai gare su ba tukuna.

Mece ce 'yar manuniya?

Idan Bahaushe ya ce 'yar manuniya ta nuna, yana nufin wani ƙaramin abu ya faru wanda ya fito da gaskiyar da ke ɓoye. Wannan kalma nake so mu ara. A wannan rubutu, 'yar manuniya ita ce duk wata halitta, ko tsiro ko ƙwaro ko tsuntsu, wadda samuwarta ko rashinta ko yawanta ke ba da labarin halin da wuri yake ciki. Jam'inta kuwa 'yan manuniya.

Shi kuma tsananin noma, ana nufin yawan matsin da ake yi wa gona domin a tatso amfani mai yawa daga fili ɗaya. Ya haɗa da noma ta kowace shekara ba tare da an bar ta ta zama saura ba, da shuka iri guda a fili mai faɗi, da yawan takin zamani, da feshin maganin ciyawa da na ƙwari, da kaftu da tarakta, da sare itatuwan da ke cikin gona.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a ɗebi ƙasa ko ruwa a kai ɗakin gwaje-gwaje a huta? Ana yin hakan, kuma yana da amfani. Sai dai yana da tsada, sa'annan abin da gwaji ke faɗa labarin ranar da aka ɗebi samfurin ne kawai. Alal misali, idan aka wanke tankin feshi a rafi ranar Litinin, kafin mai gwaji ya zo ranar Alhamis ruwa ya tafi da dafin, kwalbarsa za ta nuna lafiya lau. Amma ƙananan ƙwarin da dafin ya kashe ba za su dawo ba sai bayan watanni. Rashinsu shi ne shaida. Halittar da ke zaune a wuri dare da rana tana tara labarin wurin a jikinta, kamar yadda ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Ba kowace halitta ce ke iya wannan aiki ba. Ana son wadda ake samu da yawa, mai sauƙin ganewa, wadda ba ta yin nisa da inda take, kuma wadda aka san takamaiman abin da ke rage ta ko ƙara ta.

Ƙuduji

Wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano a ƙarshen damina zai tuna da gonakin dawa waɗanda wani fure ruwan hoda ya rufe ƙasansu. Baƙo zai ɗauka ado ne. Wannan shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma suke kira Striga. Sunan wuta-wuta ya dace da shi, domin dawar da ya kama takan tsumbure, ganyenta ya bushe kamar wuta ta bi ta kansa, ko da kuwa ana ruwan sama.

Manoma sun daɗe suna cewa ƙuduji alamar gajiyar gona ce. Abin sha'awa shi ne yadda kimiyya ta zo ta gano dalilin wannan magana. Ƙwayar irin ƙuduji ƙarama ce kamar ƙura, ba ta da guzurin da zai riƙe ta fiye da 'yan kwanaki bayan ta tsiro. Saboda haka takan kwanta cikin ƙasa, ba ta motsi sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da ta ji shi sai ta tsiro, ta manne wa saiwar, ta shiga tsotsar ruwa da abinci. A shekarar 1966 masana a Amurka suka fara ware irin wannan sinadari, daga saiwar auduga. Amma tambaya ta rage: me zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke tada maƙiyinta daga barci? Sai a 2005 wasu masana a Japan suka ba da amsa. Ashe akwai wasu ƙananan halittu masu kama da zare a cikin ƙasa, dangin naman kaza, waɗanda ke haɗuwa da saiwa su taimaka mata wajen jawo sinadarin fosfaras. Su shuka ke kira da wannan sinadari, kuma takan ƙara fitar da shi idan ƙasa ta rasa fosfaras da naitirojin. Wato dawa mai jin yunwa ce ke ɗaga murya tana neman aboki, ɓarawo kuma ya ji kiran. Gonar da ta ƙoshi da taki kiranta kaɗan ne, ƙudujinta ma kaɗan.

Ke nan yawan ƙuduji yana nuna abu biyu a lokaci guda: ƙasa ta yi rauni, kuma an daɗe ana maimaita hatsi a wuri ɗaya. Maimaitawar ce ke ba shi damar zuba iri kowace shekara, ga shi gindi ɗaya na iya zubar da ƙwayoyi dubu goma-goma. Auduga da waken suya da gyaɗa kuwa suna yi masa tarko. Saiwarsu na tada ƙwayar, amma ba ta iya rayuwa a jikinsu, sai ta mutu. Shi ya sa cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar IAR ta Samaru, ko da suka fitar da irin masara mai jure ƙuduji, suna ba da shawarar a haɗa da sauya shuka da zuba taki. A lura, wake yana da nasa nau'in ƙudujin daban, kada a haɗa su.

Duk da haka ƙuduji yana da aibi a matsayin 'yar manuniya, wato makara. Yakan yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana ɓarna kafin ya leƙo, kuma irinsa na iya wuce shekara 10 a kwance da ransa. Manomi zai iya gyara gonarsa bana, ƙuduji ya ci gaba da ba da labarin sakacin da aka yi tun zamanin mahaifinsa.

Ciyayin da muka fi sani a kudu

A wajenmu nan kudu da tsakiyar ƙasa, ciyawar da ke yin irin wannan aiki ita ce tofa, wadda Yarabawa ke kira ekan. Tana da jijiyoyi masu tsini a ƙarƙashin ƙasa, har suna huda doya da rogo. Wuta ba ta kashe waɗannan jijiyoyi, sai ma ta share musu abokan takara. Inuwa ce maganinta. Don haka duk inda aka ga tofa ta mamaye fili, an san an taƙaita hutun gona, ana kuma sa wuta kowane rani, har itatuwan da za su yi mata inuwa sun kasa tashi. Akasinta ita ce gamba, wadda ake saƙa zana da ita. A ƙasashen dajin Afirka ta Yamma, gamba ba ta komawa saura sai bayan wasu shekaru na hutu, shi ya sa manoma ke ɗaukar dawowarta a matsayin izinin sake sassabe.

Akwai kuma wata ciyawa da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kanta saboda sunanta. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta shigo Nijeriya ta wajen Inugu a ƙarshen shekarun 1930, ta bazu a kudu bayan haka. Yarabawa suna ce mata ewe Akintola, a wasu wurare Awolowo, a Gana kuma Acheampong, sunan shugaban soja da ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978. Mutane sun raɗa mata sunan wanda ake yayi a lokacin da ta addabe su, sai sunan ya zama kamar kalanda mai nuna zamanin da ta yi ƙarfi a kowane wuri. Masu gonar koko da kwakwar manja suna ƙin ta. Amma masu noman rogo da masara da dama suna son ganin ta a saura, domin tana danne tofa, ganyenta kuma yana ruɓewa da wuri ya zama taki. Ciyawa ɗaya, fassara biyu, gwargwadon wanda aka tambaya.

Ƙarƙashin ƙasa

Littafin ƙarshe da Charles Darwin ya fitar, a 1881, shekara guda kafin rasuwarsa, a kan tana ya yi shi. Ya nuna cewa wannan halitta da ake raina ita ce ke haɗiye ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta fitar da su a sama, ta bar ramuka da ruwa da iska ke bi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Yarabawa ya san 'yan tulin kashin tana da ke cika ƙarƙashin itatuwa da damina, masu tsayi kamar ɗan yatsa.

Tana ta cika sharuɗɗan 'yar manuniya sosai. Ba ta tafiya nesa, fatarta kuma a buɗe take ga duk abin da aka zuba wa ƙasa. Garma tana yanka ta, tana rushe ramukanta, tana fito da ita ga tsuntsaye. Idan aka kwashe ko aka ƙone karan gona, an ɗauke mata abinci da inuwa. Rattan Lal, masanin ƙasa ɗan asalin Indiya wanda ya yi aiki a IITA daga 1970 zuwa 1987, ya kwatanta filayen da ake kaftu da waɗanda ake shuka ba tare da an juya ƙasa ba, ana barin ragowar amfanin gona a samanta. Filayen da ba a juya ba sun fi tana, ruwa ya fi shiga cikinsu, zaizaya kuma ta ragu. A 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda ayyukansa a kan ƙasa.

Ƙidayar tana ba ta buƙatar na'ura. A tsakiyar damina a haƙa rami mai faɗin taki ɗaya da zurfin taki ɗaya na hannu, a zuba ƙasar a kan buhu, a warware ta da yatsu, a ƙirga. A yi haka a wurare da dama cikin gona, a sake yi a saurar da ke kusa, a kwatanta. Kwatantawar ita ce aikin, domin adadi shi kaɗai ba ya cewa komai. Da rani tana kan nutse ƙasa, a jigawar arewa mai yashi kuwa ko gona mai kyau ba ta da ita da yawa. A can gara ce ke riƙe da wannan aiki na huda ƙasa da ruɓar da kara, ko da yake manomi ya fi tunawa da ɓarnarta.

Shi kuma buzuzu, labarin kiwo yake bayarwa. A 1987 wasu masana biyu a Ingila, Wall da Strong, suka gwada kashin maruƙan da aka bai wa maganin tsutsa mai suna ivermectin. Ƙwari sun kasa rayuwa a cikinsa, har bayan kwana 100 yana nan kusan yadda aka ajiye shi, alhali na maruƙan da ba a bai wa maganin ba ya watse ya koma ƙasa. Makiyayar da kashin shanu ke bushewa ya daɗe ba buzuzun da ya taɓa shi, da damina, akwai abin tambaya game da ita.

Darasi daga tsuntsayen Turai

Inda aka fi tsara wannan ilimi shi ne Turai, saboda dalilai biyu. Nomansu ya tsananta ƙwarai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma suna da dubban masu sha'awar tsuntsaye waɗanda ke fita kowace shekara su ƙirga a wurare guda, ba tare da an biya su ba. Daga wannan ƙidaya aka gina ma'aunin tsuntsayen gona, wanda Tarayyar Turai ke amfani da shi a hukumance. Wani bincike da aka buga a 2023 ya tattara bayanan nau'in tsuntsaye 170 daga ƙasashe 28. Ya gano cewa tsakanin 1980 da 2016 tsuntsaye gaba ɗaya sun ragu da kusan kashi 25 cikin 100, amma waɗanda ke rayuwa a gonaki sun ragu da kashi 57. Babban dalilin da binciken ya nuna shi ne yawan maganin feshi da takin zamani.

Labarin da ya fi koyar da ni shi ne na wata tsuntsuwar Ingila, 'yar'uwar fakara, wato abin da muke kira aparo. Ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya tun daga 1970. Da farko za a zaci guba take ci. Wani masani mai suna Dick Potts ya fara bin diddiginta a yankin Sussex a 1968, ya gano cewa hanyar ta fi haka tsawo. Maganin ciyawa ba ya kashe tsuntsuwar. Yana kashe ƙananan ciyayin da ke tsakanin alkama. Ƙwari a kan waɗannan ciyayi suke rayuwa, 'yan tsakinta kuwa ƙwari suke ci a makonninsu na farko. Ba ciyawa, ba ƙwari, 'yan tsaki su mutu da yunwa a cikin gona mai cike da hatsi. Da aka gwada barin mita 6 na gefen gona ba tare da feshi ba, sai yawan 'yan tsakin da ke rayuwa ya ƙaru. Darajar wannan misali ita ce an bi sarƙar ɗaya bayan ɗaya, an kuma gwada maganin an ga ya yi.

A Jamus ma, wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta birnin Krefeld ta yi shekara 27 tana kafa tarko a wurare 63 da aka keɓe don kare halittu, tana auna nauyin ƙwari masu tashi da suka faɗa. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna raguwar fiye da kashi 75 cikin 100. Kusan duk wuraren gonaki ne suka kewaye su, don haka aka fi zargin noma, amma su masu binciken sun yi hattara, ba su ce sun tabbatar da dalilin ba.

Mu a nan muna da kunnuwan tsofaffi, waɗanda za su gaya maka cewa kukan fakara da asuba ya ragu. Magana ce mai nauyi, sai dai tunani ba ya maye gurbin rubutacciyar ƙidaya.

Abin da gona ta zubar, rafi ke sha

Takin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama yana wanke shi zuwa rafi. A can sai ya ciyar da gansakuka, ruwa ya koma kore. Idan gansakukar ta mutu, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita sukan cinye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya rasa numfashi. Tun a 1908 masana biyu a Jamus, Kolkwitz da Marsson, suka fara rarraba koguna bisa halittun da ke cikinsu. Hanyar ba ta da wuya. A ɗaga dutse daga cikin rafi a duba ƙasansa. Akwai 'ya'yan wasu ƙwari masu jela biyu ko uku waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwa mai wadatar iska. Akwai kuma wasu jajayen tsutsotsi ƙanana da ke cikin taɓo, waɗanda jininsu ke iya riƙe iska ko da ta yi ƙaranci. In an sami na farko da yawa, ruwan yana da lafiya. In na biyun ne kaɗai suka rage, an san inda aka kwana. A Afirka ta Kudu an sauƙaƙa wannan hanya zuwa rukuni 13 na halittu, aka sa mata suna miniSASS, har 'yan makaranta suna auna kogin garinsu da ita. Ɗaya daga cikin rukunan shi ne ɗan mazari, wanda ke girma cikin ruwa kafin ya yi fiffike. Kalmar mazari, ga masu sha'awar ma'ana, ita ce dai ta abin kaɗin auduga, kuma wanda ya ga ƙwaron yana karkarwa a iska zai gane dangantakar.

Babban misali a ƙasar Hausa shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Da can ruwa yakan malala da damina, ya janye da rani, a shuka shinkafa, a kama kifi, a yi kiwo, kowanne da lokacinsa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 domin noman rani da ruwan sha, sai aka riƙa sakin ruwa har da rani. Wuraren da suka saba bushewa suka daina. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, domin tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, musamman in yana ɗauke da taki. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi. Mutumin Nguru da ke kallon kacala a bakin gidansa yana karanta sakamakon shawarar da aka yanke a can sama, nisan ɗaruruwan kilomita.

Inda 'yar manuniya ke ruɗar mai karatu

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sanin ya yi tsami daban, sanin abin da ya tsamar da shi daban. Mu ɗauki ungulu. A Indiya wani nau'inta ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. A 2004 aka gano cewa maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, da ake yi wa shanu allurarsa, shi ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu, aka kuma hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. A can ungulu ta zama 'yar manuniyar yadda ake kiwo. A Nijeriya ma ungulu ta ɓace daga mahauta da dama inda a da take cika rufi. Wanda ya karanta labarin Indiya zai yi saurin ɗora laifin a kan maganin dabbobi, alhali babban abin da ke cinye ta a nan shi ne farautarta domin sayarwa a kasuwannin magungunan gargajiya da tsafi. Alama ɗaya ce, amma ba ta fassaruwa iri ɗaya a ƙasashen biyu.

Matsala ta biyu ita ce dogaro da shaida guda. A dajin Mbalmayo da ke kudancin Kamaru, wasu masana sun ƙirga rukuni 8 na halittu, ciki har da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da tururuwa da gara, tun daga dajin da ba a taɓa ba har zuwa filin da aka share tas. Sakamakon da suka buga a 1998 ya nuna cewa gaba ɗaya nau'o'i suna raguwa idan ɓarna ta ƙaru, amma babu rukuni ɗaya da za a iya dubawa a ce ya wakilci sauran. Sun kuma lura cewa ƙananan halittu sun fi cin lokacin masana nesa ba kusa ba, ga shi da yawansu ko suna ba a raɗa musu ba. Wannan ya sa ake yawan ƙirga tsuntsaye, don sun fi sauƙin gani, ba don sun fi faɗar gaskiya ba.

Na uku, ita kanta kalmar tsanani tana buƙatar kulawa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano tun daga shekarun 1960. Wuri ne mai cunkoson jama'a, inda ake noma kowane taƙi kowace shekara, babu saura. Bisa ma'anar da muka bayar, wannan noma ne mai tsanani. Amma ya tarar da gonakin cike da itatuwa kamar su ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, ƙasar kuma ba ta mutu ba, domin ana tara takin awaki da tumaki, ana ɗauko sharar birni a kan jakuna, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Tsananin da ake yi da hannu da taki bai zama ɗaya da wanda ake yi da tarakta da feshi ba. Mai fassara da ya ba su kalma guda ba tare da bayani ba ya ɓatar da mai karatunsa. Ni dai na fi son a ce noman ƙwazo ga na farko, noman matsi ga na biyu, amma ƙofa a buɗe take ga wanda ke da abin da ya fi.

Aikin hutu

Ga shawara ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri. Idan an tafi hutu, a nemi dattijon manomi, a zango ko a ƙauye, a gaishe shi yadda ya kamata, a tambaye shi: "Baba, wace ciyawa ce in ka gan ta kake sanin gona ta gaji? Wace ce kuma ke nuna ta huta?" A tambaye shi tsuntsun da yake ji yana yaro wanda ba ya ji yanzu, da abin da yake ganin ya kore shi. A tambayi mata su ma, domin su suka fi sanin ganyayen miya da ke fitowa da kansu a gona, kuma su ne za su fara lura idan feshi ya ɗauke su. A rubuta sunan da Hausa da kuma harshen gida, a nuna karin sauti da tsawon wasali, a ɗauki hoton tsiron da waya, saboda suna ɗaya na iya nufin tsiro daban a Sakkwato da Bauchi. A ƙasan takardar a sa sunan garin da watan da shekarar da aka yi hirar, domin wanda zai koma wurin bayan shekara 10 ya sami abin da zai kwatanta da shi.